Jiki na kwance, kai na neman aiki

A kusan kowace ƙungiyar asusu akwai mace guda wadda kafin mai kaye ta gama rubutu ita ta riga ta faɗi jimilla. Ita ce ke tuna wadda ta ɗauki bashi wata uku da suka wuce, ita ce ke gano inda dala biyar ta maƙale in lissafi ya ƙi cika. Ba abin mamaki ba ne. Lokacin da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, mata da yawa da ka suke riƙe lissafin akwati, kowace na tuna zubin ta kusa da ita. Irin wannan mace, ranar da aka yi mata aiki a likita aka ce ta kwanta ta huta, ba ciwon ɗinki ne kaɗai ke damunta ba. Zaman banza ne ke cinta.

Kuma nan haɗarin yake. Wadda aka ciro wa jariri ta ciki, ko aka cire mata ƙari a mahaifa, ana ce mata kada ta ɗauki kaya mai nauyi har wajen mako shida, kusan daidai da kwanakin arba'in. Wadda aka yi wa aikin yoyon fitsari, a cibiyar Danja kusa da Maraɗi ko a ta Yamai, takan yi kusan mako biyu da robar fitsari, bayan ta koma gida kuma a hana ta aiki mai nauyi na watanni. Mako na farko ciwo ne ke tsare mace a gado. Mako na biyu da na uku ciwon ya lafa, ɗinkin ciki kuwa bai gama kamawa ba, sai ta ga tsakar gida da datti, ta ga babu ruwa a randa, ta ce bari in ɗan taɓa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ko da an ce "ɗan taɓawa". Daga nan ne ɗinki ke buɗewa, ko aikin da aka sha wahala aka samu ya lalace a koma baya, da kuɗin mota da na magani da komai.

Mu kan kai wa marar lafiya kunu, sabulu, ɗan abin da aka cire daga asusun taimako. Duk sun yi. Amma in mace ce mai son warware abu, a haɗa mata da abin da zai riƙe mata kai, don jikin ya samu ya zauna wuri guda.

Kwanakin farko a bi ta kunne

Kwana biyu ko uku bayan aiki, allurar barci da maganin ciwo ba su gama sakin mutum ba. Ido na nauyi, hankali ba ya daɗewa kan abu guda. Wannan ba lokacin takarda da bik ba ne. Lokacin kacici-kacici ne, guda biyu ko uku, a bar ta ta yi barci a kansu. Kowa ya san na tsintsiya, shanu dubu maɗaurinsu ɗaya, kuma wanda aka sani ba ya riƙe kai. Gara ku ƙirƙiro naku daga abin da ke gabanku. Ga wani: gida ɗaya, masu makulli uku, babu wadda ke shiga sai ukun sun zo. Duk ƴar ƙungiya za ta gane akwatin asusu ne, amma sai ta ɗan yi murmushi tukuna. In ta kasa, ta ba da gari kamar yadda aka saba, kuma kada a yarda da ƙaramin gari, a ce sai Damagaram ko Tawa.

Karin magana ma na yi: ke ki faɗi rabin farko, ita ta ƙarasa, sannan ku juya. Ko wasan sunaye, ki faɗi sunan gari, ita ta kawo wani da ya fara da sautin da naki ya ƙare da shi: Dakoro, Rogo; ko Gaya, Yamai. Wannan ya dace ƙwarai da iyayenmu da aka yi wa aikin yanar ido, waɗanda bai kamata su yi ta sunkuyawa ko murza ido ba.

Abu guda dai: dariya na ja wa mai ɗinki a ciki ciwo. A ba ta matashi ta danne wurin a hankali in dariya ko tari ya taso. Masu zuwa da gagara-gwari su dakata sai mako ya zagayo.

Dara a kwalin ƙwai

An mai da dara wasan maza a gindin bishiya, ana haƙa gurabe a ƙasa. Babu wanda ya rubuta cewa tasu ce su kaɗai. Kuma mai kwance ba ta buƙatar ƙasa, domin kwalin ƙwai, wannan mai ɗaukar talatin, layi biyar ne sau shida, daidai da gidajen dara. Ba shi da nauyi, yana zama kan tire ko kan cinya, ƴaƴan kuma ba sa gangarowa cikin zane. A zaɓi mai tsabta wanda ƙwai bai fashe a ciki ba.

Kowace na da ƴaƴa goma sha biyu. Ɗaya ta ɗauki ƙwallon dabino, ɗaya ta ɗauki tsakuwa ko murfin kwalba. Da farko ana sa su ɗaya bayan ɗaya, ke ki sa, ita ta sa, kuma a wannan lokacin ba a yarda ki jera uku ba. In duk sun shiga, gurabe shida ne suka rage, sai a fara tafiya: ɗa guda, gurbi guda, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wadda ta jera uku a layi ta cire ɗa guda na abokiyar wasanta. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wadda ƴaƴanta suka ragu har ba ta iya jera uku, an cinye ta. Wasu wurare suna da ƴan bambance-bambance, misali ko ana cin ɗan da ke cikin jerin uku ko ba a ci, don haka ku daidaita tun kafin a fara, kada a yi musu a kan gadon marar lafiya.

Daɗin dara a wurin sa ƴaƴa yake. Mai gaggawa tana zubawa ne kawai, mai lissafi kuwa tun a nan take shirya gidan da za ta riƙa fita tana komowa tana ci. Mace mai irin wannan kai za ta iya wuni tana juya shiri guda ita kaɗai, kafin abokiyar wasa ta zo da la'asar. Lido ma na cinye lokaci, yara na sonsa, amma sa'a ce ta fi yawa a ciki, mai son tunani takan gaji da shi da wuri.

Uku da za a bar mata ta kwana da su

Na farko tsoho ne. Mutum ya zo bakin gulbi da kura, da akuya, da damin harawa. Jirginsa ba ya ɗaukar sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, an san sauran. In ya bar akuya da harawa, haka nan. Yaya zai ƙetare da su duka lafiya? Ke mai kai ziyara, in kin ga ta gaji, ki ce mata kawai: ba a hana shi dawowa da abin da ya riga ya ƙetarar ba.

Na biyu na masu man gyaɗa ne. Mata biyu sun haɗa kuɗi sun sayi mai lita 8 a jarka guda, suna son su raba daidai, huɗu-huɗu. Ba su da ma'auni sai galan mai lita 5 da wani mai lita 3, duk babu layi a jiki. Ana yinsa da juyi bakwai. Ba sai an kawo mai ba, a ba ta ƙwayar wake takwas da murfi uku ta riƙa matsarwa. A fara da cika mai lita 5.

Na uku: mai ƙosai ta sayar wa mutum na farko rabin abin da ke tirenta da ƙarin guda ɗaya. Na biyu ya sayi rabin abin da ya rage da ƙarin ɗaya. Na uku shi ma rabin saura da ƙarin ɗaya, sai tire ya zama wayam. Guda nawa ta fito da su? Daga ƙarshe ake faro shi a koma baya. Amsar 14 ce, ki riƙe a ranki, kada ki faɗa da wuri.

Wadda ta yi lakwal ko ajin yaƙi da jahilci, a kawo mata allon ɗan makaranta da alli. A zana gida tara, uku sau uku, ta sa lamba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye, a kwance da a karkace, zai ba da 15. Biyar a tsakiya take zama. In wannan ya yi mata sauƙi, akwai sudoku a salula, ana saukar da shi sau ɗaya a yi ta yi ba tare da intanet ba. Sai dai riƙe salula sama da fuska na gajiyar da wuya da hannu, gara a tokare bayanta da matashi.

Kada wasa ya zama dalilin manne wa gado

Hutawa ba kwanciya wuni sur ba ce. Malaman likita suna tayar da wadda aka yi wa aikin ciki ta taka tun rana ta farko ko ta biyu, domin jini kada ya daskare a jijiyar ƙafa, hanji kuma ya tashi aiki. To a haɗa su: in an gama zagaye guda na dara, ta miƙe a hankali ta je bakin ƙofa ta dawo, ta sha ruwa, sannan a sake. Wadda aka ɗora wa ƙashi ko aka ba ta wani umarni dabam, ta bi abin da aka gaya mata. In kuwa zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa mai wari, ko ƙafa guda ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a ajiye kwalin ƙwai a nemi mota.

Ku ma masu zuwa, ku lura da mai jinyar kanta. In mace da aka sani da son gardamar lissafi ta ture dara kwana da kwanaki, ba ta son magana, ba ta cin abinci, tana kuka ba dalili, musamman mai jego, wannan ba gajiya ba ce kawai. A gaya wa ungozoma ko malamin likita.

Yadda ƙungiya za ta tsara

Mun iya juyi, da shi muke rayuwa. Abin da ke faruwa shi ne mata goma su cika ɗaki rana ta farko, marar lafiya ba ta ma iya buɗe ido, mako na uku kuma lokacin da take buƙatar mutane babu kowa. A raba kwanaki a taron mako: mace guda kowace rana, rabin awa ya isa. Wadda ta zo ta fara da ɗebo ruwa ko share tsakar gida, don mai kwance ta rasa hujjar tashi, sannan a zauna dara. Wadda aka kai nesa, Yamai ko Danja, a tura mata kacici-kacici guda da murya ta WhatsApp kowace safiya, a ce ana jiran amsa kafin magariba. In ita ce mai riƙe lissafin ƙungiya, a karanta mata zubin makon ta duba da ka, amma makulli da zirga-zirgar karɓar kuɗi a ba wata har ta warke.

Kayan duka, allo, alli, kaye da bik, kuɗinsu kaɗan ne, kwalin ƙwai kuwa mai shago zai iya bayarwa kyauta. A haɗa su a kwando guda ya zama na ƙungiya, ya zauna wurin ma'ajiya. In wadda aka kai wa ta miƙe, ta dawo da shi taro, a ƙirga ƴaƴan dara a gaban kowa, su cika 24, a ajiye wa ta gaba.