Idan Kamfani Ya Bunƙasa, Wa Ke Riƙe Da Ragama?

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san cewa ƙaramar ma'aikata ba ta da wuyar tafiyarwa, domin shugaba ya san kowa da sunansa, kuma umarni ba ya daɗewa a hanya. Matsala tana tasowa ne sa'ad da aiki ya yi yawa amma tsarin shugabanci ya tsaya inda yake. Labarin kamfanin MTN a Nijeriya ya ishe mu misali.

A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta na shekarar MTN ya fara aiki. A lokacin, layukan tarho na NITEL ba su kai rabin miliyan ba. Amma kafin ƙarshen 2015 layukan MTN kaɗai sun haura miliyan 60.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka kamfanin ya rarraba ayyukansa. Sayar da layi da yi masa rajista ya koma hannun dillalai da wakilai a kasuwanni da bakin titi. A 2014 kuma ya ƙulla yarjejeniyar miƙa hasumiyoyinsa kimanin 9,000 ga kamfanin IHS. Wannan dabara tana rage kashe kuɗi, tana kuma ba manya damar mai da hankali ga babban aiki. Sai dai fa ana iya ba wani aiki, amma ba a ba shi alhaki. Wannan yana nan a wuyan mai lasin.

Gaskiyar haka ta fito fili a watan Oktoba na 2015, lokacin da NCC ta ci MTN tarar Naira 200,000 a kan kowane layi daga cikin layuka miliyan 5.2 da ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, kuma ba a yanke su kan lokaci ba. Jimlar ta kama Naira tiriliyan 1.04, ko da yake a 2016 an daidaita a kan Naira biliyan 330. Shugaban kamfanin na ƙasa da ƙasa, Sifiso Dabengwa, ya yi murabus a watan Nuwamba, na Nijeriya, Michael Ikpoki, ya bi shi a Disamba.

Abin lura shi ne gyaran da ya biyo baya. Kamfanin, wanda a lokacin yake aiki a ƙasashe fiye da 20, ya koma ga tsarin shiyyoyi uku, kowace da mataimakin shugaba wanda zai tsaya tsakanin hedkwata a Johannesburg da manajojin ƙasashe. Watau an gane cewa mutum ɗaya ba zai iya sa ido a kan ƙasashe masu yawa haka ba.

To, ma'aikata da ɗalibai, wannan darasi bai tsaya ga kamfanonin waya ba. Duk ma'aikatar da ke ƙara rassa, ya wajaba ta tambayi kanta: mutum nawa ne ke kai rahoto ga shugaba ɗaya? Wane ne aka ɗora wa bin umarnin hukuma? Kwana nawa mugun labari ke yi kafin ya isa sama? Wanda bai amsa waɗannan tun da wuri ba, wata rana zai amsa su a gaban mai cin tara.