In Man Giya Ya Koma Kamar Nono

A bakin ruwan Ikoyi da Apapa a Ikko akwai 'yan Arewa masu gadin jiragen shaƙatawa na attajirai, waɗansunsu har sun fara taɓa gyara. Tsohon jirgi mai MerCruiser injinsa yana ciki, amma giya da farfela suna rataye a baya cikin ruwan gishiri. To, nan ciwon yake.

Alamar farko ita ce maiƙo a kan ruwa da sassafe. In aka fid da jirgi tudu, aka kwance notin ƙasa, mai ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga ke nan. Galibi zaren masunta ne ya nannaɗe bayan farfela, ya yanke robar da ke tare mai. Cire farfela da warware zaren ba wuya, amma canja robar sai da kayan aiki na musamman.

Wajen zuba sabon mai ake yin ɓarna. Ta ramin ƙasa ake tura shi har ya ɓullo ta na sama, a toshe na sama tukuna. Wanda ya ɗura ta sama ya bar iska ciki, giya ta ci kanta, kuɗinta kuwa ya fi albashin mai gadi na watanni.