Ƙarfin Ɗan Kokawa Ba a Sayensa a Kemis

Tun daga lokacin da aka ɗaure dammunan gero aka kai rumbu, har zuwa sa'ad da hunturu zai ja da baya, ba a rasa jin ganga da yamma a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, gari yana hango gari, samari kuwa, da yake aikin damina ya sake su, sukan taru a fagen kokawa domin a san wanda ya fi wani. Wannan al'ada ce mai kyau wadda muka gada kaka da kakanni, kuma ma'abota ilimi ba su kushe ta ba matuƙar an kiyaye sutura da lokacin salla an kuma nisanci caca, balle ma ya zo a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi cikin Ƙuraishawa, ya kuma kayar da shi. Abin da ya tilasta mini ɗaukar alƙalami shi ne wata magana da ta bazu tsakanin yaranmu, wadda na gaji da jin ta a bakin masu shayi da inuwar kasuwa, wai ɗan kokawa ba ya kai labari sai ya afa tiramol kafin ya shiga fage, wai kuma ƙattan nan na ƙasashen waje da ake kallo a waya suna murɗe juna a ƙasa, daga ƙwaya suka samo ƙarfinsu.

Wasan da yaran ke kallo, galibinsa ana ce da shi jiyu-jitsu na Burazil, kuma asalinsa wani Bajapane ne mai suna Mitsuyo Maeda wanda ya isa Burazil a 1914, gidan Gracie suka koya daga gare shi suka faɗaɗa fannin. Kokawa ce wadda faɗuwa ba ta ƙare ta, sai an kama wa mutum gaɓa ko wuya har ya sallama. Duniya ta san da ita ne a 1993, sa'ad da Royce Gracie, mutum siriri mai nauyin kusan kilo 80, ya yi galaba a kan mutum uku a dare ɗaya a birnin Denver na Amurka, cikinsu har da waɗanda suka fi shi cika ido. Ba na cewa babu maha'inta cikin masu wannan wasa. Akwai su, kuma in an kama su ana dakatar da su. Amma ginshiƙin fannin nasu dabara ce da horo na shekaru, da wata ɗabi'a guda wadda zan dawo kanta a gaba.

To, mu auna wannan da'awa ta tiramol a kan mizanin hankali. Tiramol magani ne na kashe raɗaɗi, dangin su kodin, wanda likita ke ba mai tsananin ciwo, kamar wanda aka yi wa tiyata. Aikinsa a ƙwaƙwalwa da laka yake, yana toshe hanyar da saƙon ciwo ke bi, kuma ba ya ƙara wa tsoka ko ƙwayar zarra, ba ya kaurara jijiya, ba ya ƙarfafa ƙashi. Wanda ba ya iya ɗaga buhun gero kafin ya sha, bayan ya sha ma ba zai iya ba. Iyakar abin da ya sauya shi ne ya daina jin kukan da bayansa ke yi yayin da yake ƙoƙarin ɗagawa. Shi kuwa ciwo, duk da ƙin sa da muke yi, ni'ima ce daga cikin ni'imomin Ubangiji, domin shi ne ke sanar da mutum cewa wata jijiya ta kusa tsinkewa tun kafin ta tsinke, kuma wanda ya toshe shi da ƙwaya misalinsa misalin maigidan da ya ɗaure bakin karensa da daddare, ya kwanta yana murna gida ya yi shiru, alhali ɓarawo yana cikin rumbu. Da yawa daga samarin da ke ɗingishi yau, ciwonsu ya fara ne da ɗan targaɗe wanda hutun mako biyu zai warkar, amma aka afa ƙwaya aka koma fage, aka sake afawa aka sake komawa, har jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke baki ɗaya, ita kuwa irin wannan jijiya in ta tsinke, sau da yawa ba ta haɗewa da kanta.

Kada wani ya ce mini ai shi yana jin kuzari in ya sha. Haƙiƙa yana ji, amma jin kuzari daban, samunsa daban. Kokawa wasa ce ta tsayuwar ƙafa da saurin gane inda abokin karo ya karkata, tiramol kuwa yana kawo jiri da gyangyaɗi da nauyin tunani, watau yana rage ainihin abin da ake cin kaye da shi. Bayan wannan, likitoci sun iyakance cewa babba kada ya wuce miligiram 400 a yini, kuma hukumar NAFDAC ba ta amince da ƙwayar da ta wuce miligiram 100 ba, alhali wadda ake fasa-ƙwaurinta ana sayarwa a ɓoye mai miligiram 200 ce ko 225, ta yadda yaron da ya haɗiye biyu a tashi ɗaya ya riga ya kai ko ya ƙetare haddin yini guda. Sakamakon wuce haddi sananne ne: jijjiga irin ta farfaɗiya, da raunin numfashi, wani lokaci har da rasa rai. Idan yaro ya faɗi yana shure-shure yana kumfa a gefen fage, sai ka ji ana cewa jifa ne ko sammu daga garin abokan karawa, a kama zargin bayin Allah, alhali maƙiyin nasa yana cikin aljihun wandonsa. Wannan jahilci ne biyu a haɗe, an cuci jiki an kuma ɗauki alhakin mutane.

Sa'an nan akwai sabo, wanda shi ne mafi munin illolin. Jiki yana sabawa da ƙwaya, guda ɗaya ta daina isa sai biyu, biyu sai huɗu, har ranar da bai samu ba ya tashi da ciwon gaɓoɓi da gumi da ƙunci, ya ɗauka ƙarfinsa ne ya tafi, alhali kamun ƙwaya ne ya bayyana. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hukumar duniya mai yaƙi da ƙwaya a wasanni kuwa ta haramta tiramol a lokacin gasa tun ranar 1 ga Janairun 2024. Ga wanda yake burin ya wakilci Kano ko Nijeriya wata rana, ƙwayar da yake tinƙaho da ita ita ce za ta sa a kore shi da kunya. Hukuncin ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe ma ɗaya ne, domin kumburi take sa wa, tana kuma raunana tsoka da ƙashi. Su kuma magungunan ciwon jiki da ake sha kullum babu awo suna jawo gyambon ciki suna lalata ƙoda. Rashin aikin yi a rani da rashin tsawatarwar manya suna da nasu kason a wannan musiba.

To, daga ina ƙarfi yake zuwa? Yana zuwa ne daga ɗora wa jiki nauyin da ya ɗan fi wanda ya saba, sa'an nan a ba shi abinci da barci ya gina kansa, a maimaita haka mako bayan mako bisa tadriji. Wasu masu bincike a ƙasar Denmak sun tattara gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan 'yan wasa sama da 26,000, suka bayyana a 2014 cewa horon ƙarfi ya rage raunukan wasa zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ɗan ƙauye ma yana da rabo babba, domin huɗa da noma da jan guga da ɗaukar dami sun riga sun ba shi riƙo da baya waɗanda ɗan birni ke biyan kuɗi yana nema. Sai dai aikin gona yakan karkata ga gefe ɗaya, yana kuma yankewa in an gama kaka, saboda haka yana bukatar ciko. Kwana biyu ko uku a mako sun isa, a bar tazarar kwana guda aƙalla tsakaninsu. A cika buhu da yashi gwargwadon abin da mutum zai iya ɗagawa sau takwas ko goma ba tare da bayansa ya lanƙwashe ba, ya rungume shi a ƙirji ya tsuguna ya miƙe, ya ɗaga shi daga ƙasa da ƙarfin cinya da ƙugu, ya saɓa shi ya yi tafiya da shi, kafaɗar dama da ta hagu daidai wa daida. Ya kama reshe mai ƙwari ya ja jikinsa sama, ya dafa ƙasa ya tura ƙirjinsa, ya tsuguna a kan ƙafa ɗaya domin gwiwa ta koyi tsayuwa. Wuya kuwa a horar da shi a hankali, a dafa kai da tafin hannu a tura ta gaba da baya da gefe, kada a ɗora masa nauyi farat ɗaya. Idan nauyin ya zama mai sauƙi, a ƙara yashi kaɗan, mudu ɗaya ko biyu, kuma a sani cewa tsoka tana amsa horo cikin makonni, amma jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni, don haka mai gaggawa tsokarsa ce ke tsinka jijiyarsa.

Abinci kuwa yana cikin gidajenmu. Mai nauyin kilo 60 da ke horo yana bukatar kimanin giram 90 zuwa 100 na sinadarin gina jiki a yini, ƙwai guda yana ba da kusan giram 6, busasshen wake giram 100 yana ba da sama da giram 20, ga ƙuli-ƙuli da awara da nono da kifi. Kuɗin da ake zubarwa a ƙwaya cikin mako da an kai shi ga mai awara da mai fura da nono, da an ga bambanci kafin watan ya ƙare. A sha ruwa sosai ko da sanyin hunturu ya ɓoye ƙishi, a yi barcin awa bakwai zuwa tara, domin a cikin barci jiki ke gyara abin da horo ya rushe. Mai azumi ya sassauta horonsa ya mayar da shi bayan shan ruwa, mai zazzaɓi kuma ya ajiye kokawa har ya warke.

Kafin a kama, a ɗumama jiki na minti goma da sassarfa da juya kafaɗa da ƙugu har gumi ya tsatso, musamman da sanyi. A share fage daga tushiyar kara da duwatsu da fasassun kwalabe, a zuba yashi mai laushi, a haɗa tsara da tsara, kada a tura yaro ɗan shekara sha huɗu ga ƙaton da ya ninka shi don a ji daɗin kallo. A koya wa yara faɗuwa kafin a koya musu kaye: a noƙe haɓa, kada a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, domin ta nan ne wuyan hannu ke karyewa, kafaɗa kuma ta goce. A yanke farce, a yi wanka da sabulu bayan wasa, mai makero ko ƙazuwa ya dakata har ya yi magani. A nan ne ɗabi'ar nan ta 'yan jiyu-jitsu take da fa'ida gare mu, domin a wurinsu wanda aka kama wa gaɓa yakan bubbuga abokinsa da hannu, shi kuma wajibi ne ya saki nan take, kuma babu mai ɗaukar wannan abin kunya, manyan malamansu ma suna yi a wurin horo. Samarinmu da suka fara kwaikwayon shaƙe wuya da murɗe hannu daga waya, ba malami ba ƙa'ida, su sani sun ɗauki rabin da ke kisa sun bar rabin da ke tsarewa.

Idan rauni ya auku, a tsaya. Targaɗe a huta masa, a sa sanyi a kwana biyun farko, a ɗaure ba da matsi mai yawa ba, a ɗaga ƙafar sama, a bar murza da gashi da ruwan zafi a wannan lokaci domin suna ƙara kumburi. Wanda ba ya iya taka ƙafa, ko gaɓarsa ta sauya siffa, ko yatsunsa suka yi sanyi suka mutu, asibiti za a kai shi a ɗauki hoto, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba na raina maɗora, amma ɗorin da aka matse har jini ya kasa wucewa ya jawo wa mutane da yawa yanke hannu. Wanda kansa ya bugu ya suma, ko ya rikice, ko ya yi amai, ba ya komawa fage a wannan rana ko da makaɗa sun fasa ganga da kirarinsa. Wanda kuma ya faɗi a kan wuya yana jin hannuwa ko ƙafafu sun mutu, kada a ɗaga shi zaune, kada a ja shi, a riƙe kansa daidai da jikinsa a kan allo ko ƙyaure har a isa ga likita.

A Jamhuriyar Nijar, inda ake gasar Takobin Ƙasa tun 1975, ana girmama irin su Issaka Issaka na Dosso ne saboda sun ɗauki takobi sau da dama cikin shekaru masu yawa, kuma babu mai daɗewa haka a fage sai wanda gwiwarsa da bayansa suka zauna lafiya. Mu kuwa asararmu ta fi ta rasa takobi, domin ɗan kokawarmu shi ne manomin gidansu, in ya nakasa a rani, gonar tsohonsa ce za ta kwana ba huɗa a damina. Saboda haka ina kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin samari, duk wanda aka ga alamar ya yi caji kada a bar shi ya shiga fage, masu kemis kuma su ji tsoron Allah su daina miƙa wa yara wannan ƙwaya ba da takardar likita ba. Wanda ya riga ya kamu, a kai shi asibiti a rage masa a hankali, kada a tozarta shi. Kai kuma ɗan'uwa matashi, jikinka amana ce da za a tambaye ka a kanta, ka nemi ƙarfinka a buhun yashi da akushi da tabarmar barci. Allah ya shirye mu, ya kiyaye mana zuriyarmu.