Zaɓen Kariya Da Mangala Domin Babur

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram babur ya gaji aikin jaki. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko ruwa, shi ke kai gyaɗa da riɗi kasuwar Sara. Amma jaki, idan kaya sun fi ƙarfinsa, sai ya ƙi tafiya. Babur kuwa ba ya ƙi, sai dai ya ka da mai shi. Domin haka ya kamata mu lura da irin kariya da mangalar da muke sa masa.

Kariya

Baburan da muka fi gani, kamar Bajaj Boxer da Jincheng, sukan zo da ƙaramar kariya. Mutane da yawa sukan kai wa mai walda ya ƙara mata tsawo ta baya. Nan ne haɗarin yake. Duk nauyin da ya wuce tsakiyar ƙafar baya yana rage wa ƙafar gaba nauyi. Sai kan babur ya yi sakayau, ya riƙa rawa cikin rairayi, birkin gaba kuma ba ya kamawa sosai.

Idan za a ƙara, a ƙara faɗi kaɗan, kada a ƙara tsawo. A yi ta da ƙarfe mai kauri, a ɗaure ta da noti a jikin babur. Kada a yi walda a jikin babur ɗin kansa, gama zafi yana raunana ƙarfen. Mu tuna araha ba ta ado.

Mangala

Kakanninmu sun san cewa kayan jaki sai an raba su biyu daidai, su sauko gefe da gefe. Haka ma babur. Kayan da ke ƙasa sun fi kayan da aka tula sama sauƙin riƙewa. Mai ɗaukar ruwa ya sa a ƙera masa mazaunin jarka na ƙarfe. Mai tumatir ya nemi kwanduna. Mai ƙunshin kaya marasa nauyi, mangalar buhu ta ishe shi.

Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka biyu masu lita 25 kilo 50 ke nan, daidai da buhun taki guda. Mu lissafta wannan tare da nauyinmu da na wanda muka goya, mu gwada da abin da littafin babur ya faɗa.

Kafin mu biya kuɗi, mu duba abu huɗu:

1. Kada mangala ta taɓa salansa. Zafinta yana narkar da jarka, yana ƙone buhu.
2. Mu hau da kaya, mu danna ƙasa, mu ga ko wani abu yana gogar taya ko sarƙa.
3. Kada faɗin kaya ya wuce faɗin kan babur, gama muna haɗa hanyar Kano zuwa Maiduguri da manyan motoci.
4. Kada kaya su rufe fitilar baya da lamba.

Bayan an sa, mu ƙara wa tayar baya iska idan kaya da nauyi, mu riƙa matse notuna kowane mako, gama gargada tana kwance su. Taki yana cin ƙarfe, sai a wanke kariya bayan an ɗauke shi. Robar ɗauri idan ta fara tsagewa a sake ta.

Idan kaya sun yi yawa, mu yi sawu biyu. Kuɗin mai bai kai kuɗin ɗori ba, balle a karye da damina, gona na jira.