Ceftriaxone: Allurar Ceton Rai da Muke Ɓarnatarwa

A Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Gidan Waya, allurar ceftriaxone ba ta da wuyar samu. Wasu da sunan Rocephin suka san ta, sunan da kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ya fito da ita da shi a farkon shekarun 1980. Gari ne a cikin 'yar kwalba, yawanci giram ɗaya. Sai an zuba masa ruwan allura an girgiza ya narke, sannan a zuƙa a sirinji a yi ta jijiya ko a tsoka.

Asalin dangin wannan magani wata fumfuna ce da wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Brotzu, ya gano a 1945 a ruwan teku, kusa da inda ƙazantar gari ke kwarara a tsibirin Sadiniya. Aikin allurar shi ne hana ƙwayar bakteriya gina bangon da ke kare jikinta, sai ta fashe ta mutu. Tana daɗewa a jini, don haka sau ɗaya a rana kan wadatar a cututtuka da yawa. Kuma tana ratsawa har cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, shi ya sa likitoci ke dogara da ita wajen sanƙarau, cutar da a 2017 ta kashe fiye da mutum 1,000 a Najeriya, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Ana kuma ba da ita ga mai taifot da ya yi tsanani, da mai limoniya da aka kwantar, da wanda cuta ta shiga jininsa, da mai ciwon sanyi.

Matsalar ita ce yadda muka mai da ita maganin kowane zazzaɓi. Manomin citta ne zai kwanta ana tsakiyar aikin damina, hankalinsa na gona, ya je kemis ya ce, "Malam, allura za ka yi mini, ƙwaya ba ta jin jikina." A ɗibi jininsa a yi gwajin Widal, a ce masa "taifot da maleriya ne," a yi masa allura biyu, ya ji dama-dama, ya koma gona. Alhali gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, domin yakan nuna alama ko a jinin wanda ya taɓa yin cutar ya warke tuntuni. Maleriya kuwa ba bakteriya ke kawo ta ba, haka ma mura, don haka ceftriaxone ba ta taɓa su.

Duk allurar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, ko aka yanke ta a tsakiya, tana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ne ta bar masu taurin kai su hayayyafa, su bazu ta ruwan sha da abinci da hannaye. A ƙarshen 2016 aka ga ɓullar wani taifot a Haidarabad ta Pakistan wanda ba ya jin ceftriaxone. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa cututtukan bakteriya da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ceftriaxone a rukunin magungunan da sai an yi takatsantsan wajen ba da su.

Akwai kuma haɗari na nan take. Ba a yi wa jariri sabon haihuwa mai shawara, domin tana iya tura sinadarin shawarar zuwa ƙwaƙwalwarsa. Ba a haɗa ta da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam. Wadda aka dama da maganin kashe zafi don a yi a tsoka, ba a yin ta a jijiya. Wani kuma jikinsa ba ya karɓar ta, ana yi masa sai kumburi da sarƙewar numfashi. In hakan ta faru a ɗakin da babu kayan ceto, rai na iya salwanta cikin mintuna. Lasisin ƙananan shagunan magani ma bai ba su izinin yin allura ba.

Saboda haka, in aka ga zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko gushewar hankali, ko numfashi sama-sama, a garzaya babban asibitin da ke Kafanchan ko asibiti mafi kusa, kada a tsaya kemis. A gaya wa likita in wata allura ta taɓa ba mutum matsala. In an rubuta ceftriaxone, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, a kuma cika kwanakin da aka ɗiba ko da an ji sauƙi. In likita ya ce ƙwaya ta isa, a karɓa da hannu biyu, a bar allurar ga yaron da sanƙarau zai kwantar a bazara mai zuwa.