Abubuwa 3 da za ka duba kafin ka sayi sabon firiji

Yawancin masu sayen firiji girma da kyan launi suke dubawa, alhali zafin gari da rashin tsayayyar wuta ne ke kashe shi. Kafin ka biya kuɗi, karanta takardar da ke manne a bayansa ko a cikinsa.

1. Ajin zafi. Za ka ga N, ST ko T. Mai N an ƙera shi ne don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuwa 43. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu kan haura 40, nemi mai T.

2. Kwamfuresa. Irin ta da tana fizgar wuta mai yawa duk lokacin da za ta tashi, shi ya sa ƙaramin janareto ke shaƙewa. Mai inbata a hankali take tashi, don haka ta fi dacewa da sola.

3. Sitabilaiza. Sa kuɗinta cikin lissafi, kuma ka zaɓi mai jinkirta wuta na 'yan mintuna, domin ɗaukewa da dawowa nan take na iya ƙona kwamfuresa.

Idan an kawo shi gida, bar shi a tsaye kamar awa 4 kafin ka jona, man kwamfuresa ya koma mazauninsa.