Sallah A Gida: Abin Da Bakano Mazaunin Kudu Ke Tararwa In Ya Koma Birni

Duk shekara, da zarar azumi ya wuce ashirin, ko kuwa watan Babbar Sallah ya kama, sai unguwannin Hausawa na Kudu su fara yin sako-sako. A Agege da Idi-Araba da Obalende cikin Ikko, da Sabo ta Badun, da Shagamu, har Anacha da Fatakwal, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Bana a gida za ka yi Sallah?" Mai goro ya damƙa rumfa a hannun yaronsa, mai gadi ya nemi wanda zai riƙe masa ƙofa na mako biyu, mai canji ya ɗaure jaka. Kuɗin mota kuwa sai ya tashi, gama direbobi su ma sun san lokacin kakarsu.

Tafiyar ba sabuwa ba ce. Tun cikin 1911 da dogo ya isa Kano, mutanen Arewa ke gangarawa Kurmi neman abinci suna komowa da Sallah. Yanzu galibi mota a ke shiga, ko dai a bi ta Ilori da Jabba da Mokwa, ko kuwa a zaga ta Lakwaja da Abuja, saboda shekarun da 'yan bindiga suka yi suna tare hanyar Birnin Gwari. Ko ta ina aka bi dai, kwana ne a hanya.

Sai an wuce Zariya, an bar Kwanar Dangora a baya, sa'an nan barci ke washewa daga idon Bakano. Ga gonakin shinkafa na Kadawa da Kura shimfiɗe dama da hagu, ga gadar Tamburawa, ga 'Yan Lemo a Na'ibawa. Daga nan kuma sai kallo, domin mutumin da ya shekara biyu ko uku bai zo ba yana ganin abin da mazaunin gari ya daina gani. Shi mazaunin gari kullum yana wucewa, canji na shigarsa kaɗan-kaɗan har ya saba. Shi kuwa mai zuwa daga nesa a dunƙule ya ke ganin abin.

Abu na farko da zai lura da shi, gadoji. Wanda rabonsa da Kano tun kafin 2011 zai iske gadar sama ta haye Ƙofar Nassarawa, aikin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso a hawansa na biyu, kuma gwamnatin da ta biyo baya ta ƙara wasu, na sama da na ƙasa. Na biyu, babu ɗan acaɓa. An hana ɗaukar fasinja a babur cikin Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A Daidaita Sahu ce ta gaji titi, rawaya ko'ina kamar an watsa dorawa.

Abu na uku shi ne mai sosa rai, watau ganuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gininta, shi da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa. Turawan da suka ci Kano cikin Fabrairun 1903 sai da suka yi mamakin kaurinta da tsawonta. Yau wanda ya bi titin da ya tashi daga Ɗan Agundi ya wuce Na'isa zuwa Gadon Ƙaya zai ga wuri ganuwa, wuri tudun ƙasa, wuri kuwa katangar bulo ta wani mai hali. Masu ɗiban ƙasa sun ci rabonsu, ruwan sama ya ci nasa, masu yanka filaye suka ƙarasa. Ƙofar Na'isa kanta an rushe ta cikin 2010 don faɗaɗa hanya, aka sake gina wata a madadinta. Sabuwar ta fi faɗi, mota biyu na gilmawa, amma ba ita ce wadda kakanni suka bi da jakuna ba. Haka kududdufan cikin birni, inda aka haƙi ƙasar da aka gina gidajen, da yawansu an cike su da shara an yi gini a kai, shi ya sa in ruwa ya sauka da ƙarfi ba ya samun wurin kwanciya sai cikin lunguna.

Amma mai zuwa Sallah ba ganuwa ta kawo shi ba. Ya zo ne ya ga tsofaffinsa, ya ci tuwon Sallah a akushin gidansu, ya kuma ga Sarki. A daren jajibere ba a barci a birni. Teloli na ta fama da ɗinkin da suka yi alkawari tun farkon azumi, masu shi na zaune a bakin shago sun ƙi tafiya. 'Yan mata sun naɗe hannu da ƙafa cikin lalle. Kantin Kwari da Ƙofar Wambai ba masaka tsinke. Shi kuwa baƙon gida yana zaune a zaure, 'yan'uwa na shigowa ɗaya bayan ɗaya: "Sannu da hanya, Yaya. Ya mutanen Ikko?" Kowa ya gaisa sai ya ɗan jinkirta, gama an san wanda ya fito Kurmi ba ya zuwa hannu sake, ko da kuwa bashi ya ciwo ya yi kuɗin mota.

Bisa al'ada, hawan Sallah a Kano kwanaki ne a jere, kowace rana da sunanta da hanyarta. Ran Sallah da safe Sarki kan fito da ƙafa, cikin fararen kaya, ya nufi Masallacin Idi na Ƙofar Mata. Bayan an idar sai ya hau doki, ya biya ta Gidan Shettima su gaisa da Gwamna, sa'an nan ya koma fada. Kashegari da la'asar Hawan Daushe, wanda shi ne ya fi cika. Ana ba da labari cewa wani bafade ne mai suna Daushe ya kwanta rashin lafiya ran Sallah bai sami hawa ba, ya roƙi arziki aka sake hawa dominsa, abin ya zauna. A wannan rana Sarki kan zaga unguwannin birni, ya tsaya Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, ya ɓullo Ƙofar Kudu inda jama'a suka yi dafifi. Nan a ke ganin hakimai kowa da ayarinsa da makaɗansa, 'yan lifidi da 'yan sulke, dogarai cikin ja da kore, 'yan bindiga na ɗura albarushi suna saki har hayaƙi ya rufe sama. In aka ji tambari da kakaki, aka hango laima na juyawa, to, Sarki ya iso, da rawani mai kunne biyu da takalmin gashin jimina. Daga nan sai jafi, mahaya su saki linzami a guje, su ja birki a gaban Sarki da hannu a dunƙule.

Rana ta uku ita ce ya kamata mazaunin Kudu ya fi kula da ita, watau Hawan Nassarawa. Asalinsa zamanin Turawa ne, lokacin Sarki Abbas, sa'ad da Sarki kan fita bayan ganuwa ya kai wa Razdan gaisuwar Sallah. Yanzu Gidan Gwamnati a ke zuwa. Kafin nan Sarki kan tsaya gidansa na Nassarawa ya yi ziyara ga kabarin magabata, gama nan aka binne Sarki Abdullahi Bayero, nan kuma aka binne ɗansa Ado cikin Yunin 2014, bayan ya shekara hamsin da ɗoriya a kan gado. A komowa sai ayari ya ratsa Sabon Gari, inda Yarabawa da Ibo da sauran baƙin Kano kan jeru a bakin titi suna ɗaga wa Sarki hannu, ya bi ta Fagge ya shiga birni. Wanda ya zauna a Sabo ta Badun, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, ya san abin da a ke nufi da zama baƙo a garin wani, ya kuma san daɗin ranar da mai gari ya tako har ƙofar baƙo. Hawan ƙarshe kuwa na fita bayan gari ne, ko dai Ɗorayi ko Fanisau, tsohon sansanin Sarki Ibrahim Dabo.

Sai dai dole a faɗa wa mai niyyar tafiya gaskiya, wannan tsari ya sha tangarɗa. Cikin 2020 annobar korona ta hana hawa. A watan Maris na shekarar ne kuma gwamnatin Abdullahi Ganduje ta tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ta naɗa Aminu Ado Bayero. Cikin Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar masarautu ta mai da Sanusi Gidan Rumfa, shi kuwa Aminu ya sauka a gidan Nassarawa, magana ta tafi kotu. Saboda gudun arangama tsakanin magoya baya, 'yan sanda suka hana hawa a Babbar Sallar 2024, suka sake hanawa a Sallolin 2025 duka biyu. Abin ban takaici, a tsakiyar wannan hali ne, cikin Disambar 2024, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Takarda ta zo daga waje, dawakai kuwa suna ɗaure a turke.

Ba masu kallo kaɗai abin ya shafa ba. Akwai masu ɗinkin kayan doki da sirdi, da masu naɗin rawani, da masu ba da hayar dawakai, da maroƙa da makaɗa, da mai sayar da ruwan sanyi a Ƙofar Kudu, waɗanda kwanakin nan su ne kasuwarsu ta shekara. Akwai kuma yaron da aka haifa a Agege, wanda Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsa, aka yi masa alkawari tun daga Ikko cewa zai ga Sarki a kan doki, ya zo ya koma bai gani ba. In haka ta faru sau biyu sau uku, yaron ya girma ke nan, hawan Sallah a wurinsa sai abin da ya gani a waya. Saboda haka mai shirin ɗauko iyali don kallon hawa, gara ya bugo gida ya tambaya tukuna.

Ko babu doki dai, birni bai rasa abin nuna wa yaro ba, kuma mafi yawa da ƙafa a ke zuwa. Dutsen Dala na nan inda Barbushe ya bar shi, an yi masa matakala, ko da ya ke gidaje sun matse shi ta kowace fuska. Daga ƙwanƙolinsa a ke hango koren tulluwar Babban Masallaci da hasumiyoyinsa biyu, ginin zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a hango Goron Dutse ta yamma, a kuma ga yadda gari ya tsallake ganuwa ya tafi har inda ido ya gaza. Mutanen birni da yawa ba su hawansa sai ran Takutaha, wasu ma tun suna yara rabonsu da shi. Kusa da fada ga Gidan Makama, inda a ke cewa Rumfa ya zauna kafin ya ci sarauta, yanzu gidan adana kayan tarihi ne, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan Kano ta farkon zuwan Turawa. Yaro zai fi gane ganuwa in ya ga ƙyauren da a ke rufe ta da shi.

Marinar Ƙofar Mata, wadda a ke cewa tun 1498 a ke rini a cikinta, ita ma tana nan, amma rijiyoyin da ke aiki kaɗan ne, saura sun bushe ko shara ta cike su. Tsofaffin da suka rage har yanzu da baba da toka su ke haɗa ruwan, su tsoma zane su ɗaga ya sha iska, su sake tsomawa, har shuɗin ya kama. Gefe guda masu bugu na dukan zanen a kan gungume har ya yi ƙyalli. Atamfar waje mai araha ce ta karya kasuwar, 'ya'yan marina kuma da yawa sun koma wata sana'a, wasunsu ma suna Ikko. Daga nan a gangara Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa, a sayi takalmin fata ko linzamin wasa a riƙe wa yaro. Mutumin Kurmi a Kasuwar Kurmi, 'yan kasuwar da ganin yadda ya ke taya kaya sun san daga inda ya fito, su kuma ƙara masa kuɗi daidai gwargwado.

Yaran kansu in aka bar su su zaɓa, Gidan Zu za su ce, wanda Gwamna Audu Bako ya gina farkon shekarun 1970. Ran Sallah da kashegari titin gidan kan cika da yara cikin sababbin kaya, kowa ya ƙulle goron Sallarsa a hannu, ƙanana riƙe da rigar manya don kada su ɓace.

Kwana biyar ko shida, aljihu ya yi sauƙi, waya ta fara ƙara daga Kudu, yaron shago na cewa kaya sun ƙare. Sai a shiga haɗa tsaraba, kilishi da dambun nama da kuka da daddawa, in Babbar Sallah ce har da soyayyen naman layya cikin bokiti, rabon maƙwabcin nan Bayarabe da ya riƙe mabuɗin ɗaki. Tsohuwa ta rako har bakin zaure tana cewa Allah ya tsare hanya, a gai da mutan gidan. A tashar Unguwa Uku ko ta Sabon Gari motocin Ikko na lodi tun da hantsi, kuɗin komawa kuwa bai sauko ba tukuna.